Shafukan farko suna dushewa a kiristal ɗina, ina matsalar take?

Rabi'atu (Aboabo, Kumasi):
Assalamu alaikum malamai. Muna gwajin adana bayanai ta hologiram, wato rubuta su da hasken leza shafi-shafi, a kiristal ɗin litiyam nayobet mai ɗigon baƙin ƙarfe, faɗinsa santimita 1. Leza kore ce, tsawon zangon haskenta nanomita 532 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Hasken saƙo mai ɗauke da bayanan da hasken jagora da ake karanta su da shi suna haɗuwa a kusurwar digiri 90, kuma kowane shafi muna ba shi daƙiƙa 40 kafin mu karkata madubi. Da an kai shafi na 20 sai na farkon su dushe. Waɗanda suka fito ma, ƙara karanta su ke da wuya sai su fara gushewa. Kiristal ɗin ne ya lalace?

Malam Sulley (Nima):
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kiristal ɗinki lafiyarsa lau, halinsa ke nan. Inda hasken biyu suka haɗu, layukan haske da duhu ne ke fitowa. A wurin haske ilektron yana barin baƙin ƙarfe mai caji 2, ya je ya maƙale a mai caji 3 a wurin duhu. Wannan rabuwar cajin ce ke canja yadda kiristal ke lanƙwasa haske, ita ce rubutun. To ilektron ɗin bai san wane haske ne na rubutu, wane ne na karatu ba. Duk wanda ya faɗo masa zai sake tayar da shi. Shi ya sa sabon shafi yake cin na baya.

Kuskuren yana wajen bai wa kowane shafi tsawon lokaci iri ɗaya. Rubuta shafi guda, ki haska shi da hasken jagora kaɗai, ki auna tsawon lokacin gogewarsa. A kula nan: da saiwar lissafi (square root) ta ƙarfin hasken da ya fito ake aunawa. Idan da ƙarfin kai tsaye kika auna, rabin lokacin za ki samu. Sai ki raba lokacin da lambar shafi. A ce daƙiƙa 600 ne: shafi na 10 ya samu 60, na 20 ya samu 30. Na farko su sha haske sosai, na ƙarshe kaɗan, a ƙarshe duk su zo daidai.

Kada ki yi tsammanin za su yi haske kamar shafi ɗaya tilo. Ki ninka yawan shafuka sau 10, hasken kowanne ya ragu sau 100.

Injiniya Bashiru (Asawase):
Malam ya yi bayani, amma a duba teburi kafin a taɓa lissafi. A kusurwar 90 da koren haske, tazarar layukan nan kusan nanomita 160 ce. Madubi ya ɗan motsa har layukan suka gusa da rabin haka ana cikin rubutu, sabon zane ya hau kan tsoho ya shafe shi. Tirotiro (motar haya) ya wuce a titi, ko fankar sama, ko iskar na'urar sanyaya ɗaki, kowanne ya isa. A ɗora faifan dutse mai nauyi a kan tif ɗin taya da ba a cika wa iska ba, a rufe hanyar haske da kwali. Bayan dumso (ɗaukewar wuta) kuma kada a kunna leza a hau aiki nan take, a bar ta ta ɗumama, in ba haka ba tsawon zangonta yana tsalle.

Kusurwa ma haka: a kiristal mai santimita 1, kaucewar kusan digiri 0.003 ta isa shafi ya ɓace. Wani shafin da kike ganin ya goge yana nan, madubin ne bai koma gurbinsa ba.

Malam Sulley (Nima):
Gaskiya ne Injiniya. Saura maganar karatu. Maganinta tun 1971 Amodei da Staebler suka fito da shi a kamfanin RCA na Amurka: gashi, wato gasa kiristal ɗin a murhu. Bayan rubutu a kai kiristal wajen digiri 120 zuwa 150 na Salsiyas. A wannan zafin ƙwayoyin haidurojin masu caji da ke ciki suna motsi, su jera kansu bisa zanen ilektron. Idan ya huce sun kafe, haske ba ya tayar da su. Za ki duba ki ga kamar babu komai, kada hankalinki ya tashi. Ki haska shi da farin haske ko'ina daidai, ilektron su watse, zanen ya bayyana. Sai dai hasken shafin zai ragu, musamman da layuka matsattsu irin naki.

Ina roƙonki, a ɗumama a hankali, a huce a hankali, kamar digiri 1 a minti. Litiyam nayobet yana tara caji a fuskokinsa idan zafi ya canja, yana iya yin tartsatsi ya tsage, kuma ba a kasuwar Kejetia ake sayo wani ba. A shafa fenti mai ɗaukar lantarki a gefunan da haske ba ya bi, cajin ya samu hanyar zubewa.

Rabi'atu (Aboabo, Kumasi):
Allah ya saka da alheri. In gashin ya yi min kuskure, rubutun yana gogewa a sake?

Injiniya Bashiru (Asawase):
Yana gogewa. A mayar da shi murhu, a kai kusan digiri 200, cajin duka ya baje, ki samu kiristal fes. Kafin nan ki tabbata tsinken kiristal ɗin, wato babban layinsa da ake kira c-axis, yana digiri 45 da fuskokin da haske ke shiga, don a kusurwar 90 irin wannan yankan ake buƙata.