Neman shawara: Shunyata ta hana ni barci, jarrabawa saura kwana tara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Indiya, wannan zangon aka ɗora mana darasin falsafar Indiya dole. Mun iso kan abin da mabiya Buddha ke kira shunyata, wato fanko. Malaminmu ya ce komai fanko ne. Na ce to kujerar da nake zaune a kai fa? Ya ce ita ma. Sai na rubuta a aikin gida cewa a wurinsu babu komai a duniya, ya ja min jan layi, ya dangwara alamar tambaya. Don Allah wanda ya gane ya taimaka.

Wata tsohuwar ɗaliba:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni ma nan na faɗi. In an ce maka abu fanko ne, tambayi mene ne babu a cikinsa. Kofin da ba shayi ai kofin yana nan. Abin da suke kore wa kujerarka shi ne svabhava, wato zati tsayayye wanda abu ya mallaka shi kaɗai, bai jingina da kowa ba. Kujera ta jingina da itace, da ruwan saman da ya rayar da itacen, da kafinta, da ƙusa, har da mu da muka sa mata suna. Cire waɗannan ka nuna min abin da ya rage.

Jigon maganar shi ne Nagarjuna, malamin kudancin Indiya, wajen ƙarni na 2 Miladiyya, wanda ya kafa mazhabar Madhyamaka, wato tsaka-tsaki. Littafinsa Mulamadhyamakakarika babi 27 ne. Ka haddace babi na 24, baiti na 18, inda ya ce faruwar abu ta hanyar dogaro da wasu abubuwa, ita ce shunyata. Malamai na son wannan baitin a jarrabawa.

Mai gyaran keke:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma jiya na kwance wani keke kaf, taya nan, sarƙa can, kan keke a jingine da bango. Mai shi ya zo yana cewa ina kekena? Na ce ga shi nan a ƙasa. Bai yi dariya ba.

Tsohuwar ɗaliba:
Baba, wallahi ka gama darasin. Irin misalin da Nagasena, wani malamin addinin Buddha, ya ba Sarki Milinda ke nan, sai dai shi da keken doki. Ya yi ta tambayarsa, ƙafar ce keken, ko sandar da ke riƙe ƙafafun, ko linzamin? Sarki ya yarda "keke" suna ne da ake kiran haɗuwarsu. Amma kuma a kan keken nan Sarkin ya zo, ba da ƙafa ba.

Wani dattijo:
Yaro, a kula da aƙida dai.

Wani malamin makaranta:
Gaskiya ne Alhaji, sai dai fahimtar abu daban, yarda da shi daban. Ga ma inda hanya ta rabu. Mu mun karanta a tauhidi cewa halitta duk mabuƙaciya ce, Allah ne kaɗai tsayayye da kansa. Nagarjuna bai ware kowa ba, har ita shunyatar ya ce fanko ce. Wani abin lura, shunya ita ce kalmar da masu lissafin Indiya suka kira lambar 0 da ita, Larabawa suka fassara ta da sifr, mu muka ce sifili. Ina zargin wannan ne ke jan mutum ya ɗauka "babu" ake nufi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To in rubuta haka: abubuwa suna nan, suna aiki, amma babu wanda ya tsaya da ƙafarsa?

Tsohuwar ɗaliba:
Yauwa. Ƙara gaskiya biyu da suke faɗa: ta yau da kullum, wadda a cikinta kujera kujera ce, da ta ƙoli, wadda in ka bi diddigi ba ka samun zatinta. A babi na 24 ɗin nan Nagarjuna ya kwatanta wanda ya fahimci shunyata a karkace da wanda ya kama maciji ba daidai ba. Sa wannan ma, ka mayar wa malamin aikin ya sake dubawa kafin ranar.