Neman kalma: me za mu ce wa "fjord" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gobe ƙarfe 10 za a naɗi shirinmu na rediyo, ga shi na cije. Labarin wata mata ne da ta je bakin ruwa a Porsanger, can ƙuryar arewacin Norwe, a watan Yuni lokacin da rana ba ta faɗuwa. Ba kowa a wurin, ba yashi, sai duwatsu mulmulallu kamar ƙwan zabo, in ruwa ya ja da baya ka ji suna ƙara kamar ana regen gero a ƙwarya. Wannan duk na juya shi. Fjord ɗin ne ya gagara, da shi bakin ruwan mai duwatsu.

'Yar Kumasi: Mashigin teku mana, yaya.

Mai fassara: Na yi tunaninsa ƙanwata. Amma kunnen mai sauraro ya saba da mashigin Hormuz, inda jirgi ke shiga ya fita ta wancan gefe. Shi wannan toshe yake. Ruwan ya kutsa cikin ƙasa kusan kilomita 123, ya tuƙe a garin Lakselv.

Malamin jogarafi: A fara da yadda abin ya samu. Ƙanƙara ce mai kauri ta yi dubban shekaru tana gangarowa a hankali tana kankare dutse har ta haƙa kwari. Da ta narke, wajen shekara 10,000 da suka wuce, teku ya malalo ya cike ramin. Shi ya sa zurfin ya yi yawa: na Sogne, wani fjord ɗin a yammacin Norwe, ya haura mita 1,300. Ni ɗalibaina kwazazzabon teku nake ce musu.

Ɗan Damagaram: Malam, da ka ce kwazazzabo, bayan gari nake gani inda ruwan damina ya ci ƙasa. Kuma na Porsanger faɗi gare shi sosai. Lungun teku fa?

Dattijo: Yara, ku daina jan jimla. Teku ne ya shiga kwari, sai a ce tekwari. Jam'i tekwarori. Gajeriya ce, ta zauna a baki.

'Yar Kumasi: Baba, wa zai gane ta a rediyo? Gara a rubuta fiyod yadda ake faɗa, a yi bayani.

Dattijo: Nan fa ake kashe mana harshe, 'yata. Kowace baƙuwar kalma a shimfiɗa mata tabarma. Mutanen Sami da ke kiwo a yankin nan ba su ari ta Norwe ba, vuotna suke cewa. Mu ne marasa zuciya?

Malamin jogarafi: Ranka ya daɗe, su a bakin ruwan aka haife su. Mu kuwa littafi da alƙalami daga Larabci muka samo, mota da tebur daga Turanci, Hausa ba ta mutu ba.

Ɗan Damagaram: Kuma wa ke yanke hukunci? Kullum abin da aka faɗa a Kano shi ne daidai, namu na Nijar a ce karin harshe ne.

Dattijo: Ban kawo Kano ba, ɗana. Tekwari na kawo. A gwada ta sau uku a iska a gani in ba ta kama ba.

Mai fassara: Don Allah a dawo, dare na yi. Duwatsun fa? Gaɓar tsakuwa?

'Yar Kumasi: Tsakuwa ta gini za a ɗauka, mai kaifi, ko wadda ake tsinta a shinkafa. Waɗannan ruwa ya goge su sun yi sumul. Ka ce gaɓa mai duwatsu irin na rafi.

Mai fassara: Na karɓa. Ga yadda zan yi: karon farko in ce "fiyod, wato lungun teku mai zurfi da ƙanƙara ta haƙa", daga nan lungun teku har ƙarshe. Baba a gafarce ni, tekwari sai an yi mata shimfiɗa, minti 7 kawai aka ba ni.

Dattijo: To, lungun dai namu ne, na haƙura da shi. Fiyod ɗin nan sau ɗaya tak, kada ka maimaita. Malam, kai kuma ka kai wa ɗalibanka tekwari ranar Litinin ka faɗa mini abin da suka ce.