Idan hukumar gari za ta je Yaunde, me ya kamata ta sa a gaba?

Ɗan kasuwa, Garwa

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Watan Nuwamba yana ƙaratowa, lokacin da majalisar dokokin Kamaru take zaman duba kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Tun bayan zaɓen ranar 9 ga Fabrairun 2020, kansiloli ne suke zaɓen magajin gari a Garwa da Marwa da Ngaundere, an daina naɗo wakilin gwamnati daga sama, saboda haka muna da damar tambayar abin da hukumomin garuruwanmu suke kai wa 'yan majalisa da sunanmu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan aiki, ko abin ya taɓa shi, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon kansila, jihar Arewa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni na taɓa bin tawagar wata ƙaramar hukuma, mun hau mota zuwa Ngaundere, muka kwana a jirgin ƙasa har Yaunde. Takardar da muka riƙe tana ɗauke da buƙatu sama da 20, akwai rijiyoyin burtsatse da ajujuwa da mayanka da rumfunan kasuwa da fitilun kan titi, domin kowane kansila ya ƙi yarda a tafi ba a sa unguwarsa ba. Ɗan majalisar da muka samu ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya buɗa takardar shafi bayan shafi, sannan ya ɗago kai ya tambaye mu wanne ne guda ɗaya da idan aka samu za mu koma gida da farin ciki. Muka yi shiru muna kallon juna, kuma har yau ina jin nauyin wannan shirun.

Kuskurenmu na biyu ya fi na farko girma, wato mun je a makare. A watan Nuwamba gwamnati ta riga ta gama tsara alƙalumanta a ma'aikatu, kuma tsarin mulkin 1996 bai yarda ɗan majalisa ya kawo gyaran da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi ba, sai fa idan ya nuna inda za a rage ko inda za a samo. Majalisa tana zama sau uku a shekara, a Maris da Yuni da Nuwamba, kuma a zaman Yuni ne ake muhawara kan alkiblar kasafin da ke tafe. Wanda yake son a saurare shi, tun Maris ya kamata ya fara sallama.

Da za a sake tura ni, magana ɗaya zan riƙe. Dokar ƙananan hukumomi ta ranar 24 ga Disambar 2019 ta ce kason da gwamnatin tsakiya za ta ware wa jihohi da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗaɗen shigarta. A nemi 'yan majalisa su tsaya a kan wannan, su tambayi minista a bainar jama'a yadda ake lissafa kason da kuma ranar da yake isowa. Rumfunan kasuwa da ginin ofis ana iya neman su ta FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, wanda aka kafa tun 1974 domin irin wannan aiki, ba sai an ɗora wa ɗan majalisa ba. Kada kuma a manta da sanatoci: kowace jiha tana da 10, kuma 7 daga cikinsu da ƙuri'ar kansiloli suka shiga, don haka sun fi kowa jin nauyin kansila idan ya zo ƙofarsu.

Akawu a wata ƙaramar hukuma, jihar Adamawa

Baba kansila, maganarka ta ranar isowar kuɗi ita ce tawa. A takarda kuɗin aiki yana nan tun farkon shekara, amma na sha zama da ɗan kwangila a gabana, ya gama tona, ya ci bashin siminti, ni kuwa ba ni da abin ba shi sai haƙuri. A ƙasarmu aikin kwalbati da lambatu na rani ne, da zarar damina ta kankama an rufe wannan babin. Akwai shekarar da kuɗin wani lambatu ya iso bayan ruwan sama ya cike ramin da yashi, sai da aka sake biyan masu tona. A ganina ranar sakin kuɗi ta kai yawansa muhimmanci, kuma wannan abu ne da za a iya rubutawa a doka.

Tela, Marwa

Ina neman afuwa, Baba, ban ƙi maganarka ba, amma idan aka tara mutanen unguwarmu aka ce musu an je Yaunde neman kashi 15, ba za su ga kansu a ciki ba. Mu abin da muka sani shi ne mayo, wato kogi. Rani duka Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, yashi ne, yara suna ƙwallo a cikinsa, amma in aka kwana ana ruwa a kan duwatsun Mandara sai ya taso da ƙarfin da yake cin gaɓa. Wata damina da tsakar dare na ji sanyi a ƙafata, na haska fitila na ga tabarma tana yawo, muka ɗora keken ɗinki da buhunan dawa a kan gado, muka fitar da yara ta taga. Katangar maƙwabcina ta faɗi kafin asuba.

Kowa ya tuna yadda gadar Falar da ke Marwa ta karye a watan Agustan 2020, manyan motocin da ke bin babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya zuwa Mora da Kusseri da Njamena suka shiga wahala. Mun kuma ga abin da ambaliyar 2024 ta yi wa 'yan'uwanmu na Yagwa. Ɗaure gaɓar mayo da gina manyan magudanai sun fi ƙarfin aljihun gari, harajin kasuwa da na tasha ba za su yi ba. Idan za a tafi da buƙata ɗaya daga Marwa, ina roƙo ta zama wannan, a tafi da hotunan gidajen da suka rushe da taswirar inda ruwa yake bi.

Malamar firamare, Ngaundere

Tawa buƙatar ba ta gini ba ce. Duk shekara idan aka zo rajistar CEP, jarrabawar kammala firamare, sai na ware yaran da ba su da takardar haihuwa. Bara akwai yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina, da na kira sunayen waɗanda takardunsu suka cika ba ta ji nata ba, ta kifa kai a kan benci har aka tashi. An haife ta a ruga, wa'adin rajista ya wuce, yanzu sai kotu ta yanke hukunci kafin magajin gari ya ba da takardar, mahaifinta kuwa ba shi da kuɗin zirga-zirga. Magajin gari shi ne mai sa hannu, amma doka a hannun majalisa take. A nemi a sauƙaƙa hanyar, a ware kuɗin da alƙalai za su riƙa zuwa ƙauyuka suna zama, a kuma biya masu rajista na karkara haƙƙinsu.

Tsohon kansila, jihar Arewa

Malam tela, gaskiyarka, kuma na karɓi gyara. Ɗan majalisa ma mutum ne, hoton katangar da ta faɗi zai fi tsaya masa a rai fiye da alƙalami. Sai dai ku sani cewa zaɓen buƙata ɗaya a gida ake yin sa, a zauren kansiloli, kuma bisa doka zaman majalisar ƙaramar hukuma a buɗe yake ga jama'a, ko da yake a shekarun da na yi kujerun baƙi kusan kullum babu kowa a kai. Malama, ki tattara adadin yaran makarantarku da ba su da takarda, ki haɗa da na makarantun da ke kusa, ku samu jauron unguwa ya raka ku wurin magajin gari kafin zaman Maris.