Yadda muke shirya wa Azumin Lenti kafin Larabar Toka

Mai buɗe zance: 'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Larabar Toka, ranar da ake shafa toka a goshi a fara Azumin Lenti, tana ƙaratowa, ina so in ji daga bakin waɗanda suka daɗe suna wannan azumi yadda suke shiri kafin ranar ta zo, da abin da suka ga yana riƙe su har Ista ba tare da sun sare a tsakiya ba.

Katikis mai ritaya: Ɗana, bari in fara da doka. Bisa dokokin Ikilisiyar Katolika na 1983, azumi wajibi ne a Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau (ranar tunawa da gicciye Yesu) ga wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60, wato cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda ko an haɗa shi bai kai cikakken ci ba. Barin nama kuwa yana kan mai shekara 14 zuwa sama, a ranar Toka da kowace Jumma'a. Iyayenmu sun rayu a ƙarƙashin dokar 1917, lokacin da ake azumi kowace ranar Lenti ban da Lahadi, har Fafaroma Paul na 6 ya sassauta a 1966. A fahimtata, sassaucin ya mayar da nauyin zaɓi a wuyan kowa ne, shi ya sa shiri ya ƙara muhimmanci. Tsohuwar kalanda ta ware Lahadi uku kafin Larabar Toka domin wannan shiri, farawa daga wadda ake kira Septuagesima, kuma ko da yake an cire su a 1969, har yau da su nake aiki: makon farko ina binciken zuciyata a rubuce, na biyu in je ikirari, na uku in tsayar da abin da zan bari da addu'ar da zan ƙara. Wanda ya jira sai toka ta hau goshinsa kafin ya yi tunani, yawanci abin da ya ji wani ya faɗa yake ɗauka.

Uwar gida: Baba Katikis ya faɗi gaskiya, amma azumin mai iyali ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni da maigida muna zama da yara kafin lokacin, mu amince da abin da za a rage a girki, domin kada ya zama ni ina azumi ina kuma dafa wa kowa abin da ya saba. Kuɗin da aka rage muna tara su a gefe, mu miƙa wa ƙungiyar Vincent de Paul ta cocinmu, mai taimakon mabukata, a Mako Mai Tsarki, wato makon da ke gab da Ista. Wannan ne ya fi shiga ran yaran, domin suna ganin inda abin da suka haƙura da shi ya tafi. Muna karanta musu Ishaya sura 58, inda Ubangiji ya haɗa azumi da raba abinci da mayunwata.

Ma'aikaciyar jinya: Ina da ciwon sukari, kuma ina aikin dare, don haka shirina yana farawa ne da likita, sannan Fada. Ina roƙon marasa lafiya da masu ciki da masu shayarwa kada su daina magani ko abinci da sunan ibada, domin Ikilisiya ba ta ɗora musu wannan ba. Na ga waɗanda aka kawo mana a galabaice saboda haka. Abin da Fada ya ba ni a madadinsa shi ne in ajiye waya bayan na tashi aiki, in bi Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da shan wahalar Yesu, da tashoshinta 14 kowace Jumma'a ko da ni kaɗai ce a coci. Ajiye wayar ya fi mini wuya fiye da yadda barin abinci ya taɓa yi.

Wani matashi: Ni tsohuwar ƙa'ida nake bi da son raina, ci ɗaya a rana ban da Lahadi. Daga Larabar Toka zuwa Ista kwana 46 ne, in an cire Lahadi shida sai a sami 40. Ina fara rage cin safe tun kafin lokacin domin jiki ya saba. Abin da na lura shi ne yunwa ba ta kai saurin fushi haɗari ba, musamman da yamma, shi ya sa kafin in fara nake neman duk wanda muke da saɓani mu daidaita, kamar yadda Matiyu 5:23-24 ya umarta.

Katikis mai ritaya: Madalla, ɗana, amma ka kai wannan niyya gaban mai jin ikirarinka tukuna. Waliyyi Benedict ya umarci sufayensa su sanar da shugabansu duk abin da suka yi niyyar ƙarawa a Lenti, domin abin da aka yi ba da izini ba yana iya zama girman kai. Idan Fada ya ce ka rage, ka rage.

Mawaƙiyar coci: Mu namu shirin a waƙoƙi yake, domin ana ajiye Halleluya har daren Ista, ana kuma ajiye waƙar Ɗaukaka sai a manyan bukukuwa, don haka muna koyon waƙoƙin tuba da Zabura 51 tun da wuri. Ina kuma tunatar da kowa ya kawo busasshen ganyen dabinon da aka albarkata bara, domin shi ake ƙonawa a sami tokar. Larabar Toka ba ta cikin ranakun da zuwa Misa ya zama dole, amma coci yana cika maƙil, don haka ku tambayi lokacin Misa tun ranar Lahadi, ku tsara cinku guda ɗaya da aikinku a kansa.