Zama da maɗaukin kanwa: yabo ne ko gargaɗi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a, ku raba mana gardama. An ɗauki sabbin ma'aikata a wurinmu, shugaban sashe ya ce bana babu kuɗin tura kowa kwas, don haka kowane sabo a zaunar da shi kusa da tsohon hannu ya riƙa ganin yadda ake yi. Sai wata abokiyar aikinmu ta ce, "Hakan ma ya yi, ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Nan take wani dattijo da ya kusa ritaya ya miƙe, wai an zage su, an ce su za su ɓata yaran. Ita kuwa ta rantse yabo take nufi. Har aka tashi ba su shirya ba. Wa ke da gaskiya?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Dattijon ya fi ta gaskiya. Tun tasowata ban taɓa jin an kawo maganar nan a wurin alheri ba. Uwa ke faɗa wa ɗanta in ta ga ya fara bin abokan banza. Da cewa ta yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, da ba wanda zai ta da jijiyar wuya.

Hajiyar Lissafi: Malam, barewa ai maganar gado ce, yaran nan kuwa ba shi ya haife su ba. Ni a wurin wa'azi na ji an haɗa maganar maɗaukin kanwar da hadisin mai sayar da almiski da mai hura zugazugi. Duk wanda ka zauna da shi sai ka tashi da wani abu nasa, ko ƙamshi ko ƙauri. Ka ga kenan tana cin gaba tana cin baya.

Injiniya B: Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe a kan wannan. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya sa yara suka kalli wani babba yana jibgar wata 'yartsana, da aka bar su da ita su ma suka hau ta da duka. Amma gwajin 1965 ya fi shafar maganarmu. Yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo, sai dai da aka ce za a ba su lada in sun nuna abin da suka gani, tsaf suka yi shi. Wato sun ɗauka, ɓoyewa kawai suka yi. Haka sabon ma'aikaci yake. Yana kallon aikin, yana kuma kallon wa ake yabawa, wa ake tsawatawa, wa ke zuwa a makare ba a ce masa uffan ba.

Sarkin Zolaya: Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah kenan. Sai dai masu girmanmu gani ga wane ya ishe su sanin yadda ake sauya sheƙa.

Uwar Biyu: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta. Tela ce, kuma a hannun wata uwar ɗakinta ta koya, wadda ba ta bayani sam. In ka tambaye ta sai ta ce idonka na me ne. Kaka ta daɗe tana guga da ɗinka maɓalli kafin a bar ta ta taɓa almakashi. To matar nan tana da wata ɗabi'a: kafin ta taka keke sai ta bubbuga gefensa da tafin hannu, ta juya kan keken baya kaɗan, sannan ta fara. Duk 'yan koyon suka ɗauka. Kaka ta yi aure, ta sayi sabon kekenta, tana bubbugawa. Ta yaye 'yan mata da dama, kowacce tana bubbugawa. Mahaifiyata ma haka.

Sai bayan matar ta tsufa Kaka ta kai mata gaisuwa da wata ɗalibarta. Yarinyar ta zauna za ta gyara wa tsohuwar zane, ta bubbuga keke. Tsohuwa ta ce, "Ke, naku ma ƙarfen ya saki ne?" Ashe wani ƙarfe ne a tsohon kekenta yake cijewa, sai an buga yake komawa mazauninsa. Ba wani sirrin ɗinki a ciki. Kaka ta ce ta yi dariya har da hawaye. Amma har ta rasu ba ta daina ba, cewa take hannunta ba ya yarda ya fara in bai gaida keken ba.

Hajiyar Lissafi: Allah ya jiƙan Kaka. Wallahi akwai wani fom da muke cikewa kwafi uku, na tambayi dalili aka ce haka aka tarar.

Malam Ɗanjuma: To kun ji farin kan da nake faɗa.

Uwar Biyu: A'a Malam, kar ka yi mini saurin hukunci. A wannan zaman dai ta koyi yanka riga ba tare da ta ɓata yadi ba, abin da ta ci da shi ta sha har tsufa. Bugun keken ɗan ƙari ne ya biyo kaya.

Injiniya B: Anti, abin da kika ce na guga da maɓalli ya tuna mini. Wata mai bincike, Jean Lave, ta zauna da teloli a Laberiya cikin shekarun 1970, ta ga ɗan koyo daga ƙarshen aiki yake farawa, guga da maɓalli, sai ɗinki, yanka shi ne na ƙarshe, don a nan kuskure ya fi tsada. Akwai tsari a ciki ko da ba a faɗa ba. Wani mai binciken kuma, Julian Orr, ya bi masu gyaran injin kwafi na kamfanin Xerox, ya tarar matsalolin da littafin kamfani bai warware ba a hirarsu ta lokacin hutu suke warware su, wannan ya ba da labarin injin da ya wahalar da shi, wancan ya ɗora nasa. Bambancinsu da uwar ɗakin Kaka, su ana tambaya ana amsawa. Ni shi ya sa ban yarda da shugabanku ba, Baban Ummi. Ajiye kujera kusa da kujera ba horaswa ba ce, in ba a rage wa dattijon aiki ya samu sukunin yin bayani ba.

Ɗan Auta: Yaya, mu a taron bita an ce mana 70 cikin 100 na ƙwarewa a bakin aiki ake samu, 20 daga abokan aiki, 10 kacal a aji.

Injiniya B: Sanannen lissafi ne, amma tushensa tambayar wasu manyan manajoji aka yi yadda suke ganin sun koyi aiki. Ba awo ba ne. Kar a mai da shi hujjar soke kwas.

Sarkin Zolaya: Lissafin nan ai namu sun riga Turawa saninsa. 70 na aljihu, 20 na yara, 10 na allon da za a kafa a ce an fara aiki.

Baban Ummi: Sarki don Allah, ka bar mu mu ƙarasa.

Sarkin Zolaya: Ni tambaya ɗaya gare ni. Wanda ya tafi bitar mako guda a ƙasar waje, ya dawo da satifiket da alawus da akwati biyu, shi da wa ya zauna?

Hajiyar Lissafi: Da mai kanti.

Malam Ɗanjuma: Ni dai ina nan a kan bakana, gargaɗi ce. Sai dai wani abu ya tsaya mini: shi maɗaukin ai nema yake yi, laifin me ya yi da za a riƙa misali da shi?

Ɗan Auta: Anti Uwar Biyu, keken Kaka yana nan? Matata ta fara koyo, irin na da take nema.

Uwar Biyu: Yana wurin ƙanwata, kuma ba za ta sayar ba. Na riga ka tambaya.