Harajin da ake cire mini a kuɗin ritaya na 401(k) ya yi yawa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Na yi ritaya, na zaɓi a riƙa biyana kuɗin 401(k), wato asusun ajiyar ritaya na wurin aiki, kashi-kashi duk wata har shekara 5. Amma kowane biya sai an zaftare kashi 20 cikin ɗari na harajin tarayya, alhali harajina na shekara bai kai haka ba. Na cike fom ɗin W-4P na zaɓar yawan harajin da za a riƙa cirewa a kuɗin fansho, masu kula da asusun suka ce ba ya aiki tunda tsarin bai kai shekara 10 ba. Mai gidan haya kuwa ba zai jira hukumar haraji ta IRS ta maido rarar ba. Idan na miƙa tsarin zuwa shekara 10, ko na tura kuɗin kai tsaye cikin IRA, wato asusun ritaya na ƙashin kai, cirewar za ta ragu? Don Allah wanda ya taɓa yi ya haska mini.