Shin gwamnati ce ya kamata ta gina wa kowane gida masai?

Malamin Makaranta: Assalamu alaikum jama'a. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009, aka ce zuwa 2025 an daina bahaya a fili a duk faɗin Najeriya. Tun wa'adin bai cika ba aka ɗage shi zuwa 2030. Binciken da gwamnati ta yi tare da UNICEF a 2021 ya ce mutum miliyan 48 ba su da wurin zagayawa sai daji da bakin kwata. A ganina dalili ɗaya ne: gwamnati wa'azi take yi, ba ta sa hannu a aljihu. Indiya ta fara nata shirin a 2014, tana ba gidajen karkara da suka cancanta rupi 12,000 su gina masai. Mu ma a yi haka a huta.

Duba-gari: Wa'alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Masan kyauta shi ne wanda ake mayarwa rumbun gyaɗa ko ɗakin kaji, domin mai gidan bai roƙa ba, kuma idan ya lalace jira yake wanda ya gina ya dawo ya gyara. Shi ya sa tsarin da ake bi yanzu ba ya raba siminti. Ana tara gari a ƙofar dagaci, a zana taswirar unguwa a ƙasa, kowa ya nuna inda mutanen gidansa ke zagayawa. A taka tare har wurin. Sannan a ɗauko kashin a ajiye gefen abinci, mutane su ga ƙuda na kai da kawowa da idonsu. Daga nan su da kansu za su tsayar da ranar da kowane gida zai gama haƙa, a kafa kwamiti, mai unguwa ya riƙa bi gida-gida. Ta wannan hanya Jigawa ta kammala ƙananan hukumominta 27, aka ba ta shaidar daina bahaya a fili a watan Oktoba na 2022, jiha ta farko a ƙasar nan.

Malamin Makaranta: Shaida takarda ce, Malam Duba-gari. A koma bayan damina biyu a ƙirga masan da ke tsaye.

Birkila: A nan kam Malam ya taɓa inda yake ciwo. Kunya tana sa mutum ya haƙa rami, amma ba ta koya masa gini. Abin da aka saba gani shi ne rami mai kusurwa huɗu, a jera itace a kai, a yaɓe da ƙasa. Gara ta ci itacen, ruwan Agusta ya jiƙa bakin ramin, ya rufta. Wanda masansa ya taɓa ruftawa da yaro a kusa, ba ka ƙara shawo kansa da sauƙi.

Ramin da zai daɗe zagayayye ake haƙa shi kamar rijiya, faɗi mita 1.2, zurfi kamar mita 3. Idan ƙasar jigawa ce mai rairayi, dole a ɗaure shi da bulo tun daga ƙasa, ana barin 'yan ƙofofi tsakanin bulo domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Rabin mitar sama kuwa a toshe ta ruf da siminti, a ɗaga bakin ya fi ƙasar tsakar gida tsawo don kada ruwan sama ya kwarara ciki. Murfin kankare: buhun siminti 1, kwanon gini 4 na yashi, 8 na tsakuwa, kauri inci 3, rodi a jere kowane santimita 15, ya zarce bakin ramin ta kowane gefe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Sai an yi kwana 7 ana ba shi ruwa a inuwa kafin a ɗora. Wanda aka bari ya bushe a rana kwana biyu, ga shi kamar lafiya lau, amma a ciki ya tsage.

Duba-gari: To ai wannan aikin mai gida ne da birkilansa, Oga. Ina ruwan gwamnati?

Birkila: Wanda bai tara na awo ba, ina zai samo na rodi? Ban ce a gina masa duka ba. Haƙa da katanga da rufi nasa ne. Murfi da bulon ɗauri su ne ke fin ƙarfin talaka.

Injiniyan Ruwa: Ku ba ni dama in ɓata wa kowa rai. Ko gwamnati ta gina ko mai gida, idan aka haƙa a inda bai dace ba, an kwashe kashin ne daga bayan gari an kai shi cikin rijiya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, masan ya kasance ta gangare, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina. A lura, damina na ce. Masu haƙa a watan Maris suna ganin ƙasa busasshiya su yi ta nutsawa, Satumba na zuwa ramin ya zama tafki. A fadamun Haɗeja da makamantansu rami mai zurfi bai da amfani. Gajere ake yi, a ɗaga ginin sama.

A cikin tsohon birni kuma, inda rijiyar maƙwabci ke jingine da katangarka, ina za a samo mita 30? Can sai salga mai daɓe ciki da bai, wadda ba ta yoyo, a riƙa kwashewa. Wannan ba shawarar da mai gida zai yanke shi kaɗai ba ce.

Ma'aikaciyar Lafiya: Injiniya ya kawo mu inda nake jira. Duk muhawararku a kan gida take, alhali umarnin 009 da kansa ya ambaci kasuwanni, makarantu, gidajen mai, asibitoci da wuraren ibada. Ɗan kasuwar ƙauye da ya wuni a rumfa, direba a tasha, almajiran tsangaya da ke kwana a zaure, wane mai gida ne zai haƙa musu? A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa. Idan akwai kuɗin gwamnati, nan ne muhallinsa. Kuma kada a gina a kulle a kai wa shugaban kasuwa makulli. Gidajen wanka na Kano suna aiki ne domin akwai mai karɓar kuɗi a ƙofa, shi ke sayen ruwa da sabulu.

Sai kashin yara, wanda iyaye mata da yawa ke ɗauka ba shi da illa, a watsa shi bayan ɗaki. Ya fi na manya haɗari ma, tunda yara ne suka fi yin gudawa. Fo, a juye a masai, a wanke hannu da sabulu ko toka. Kuma ramin tsuguno kada faɗinsa ya wuce santimita 20, in ba haka ba uwa ba za ta bar ɗan shekara huɗu ya shiga ba, kuma tana da gaskiya.

Malamin Makaranta: Hajiya, ashe dai kin dawo kan maganata. Kuɗi ne.

Ma'aikaciyar Lafiya: Kuɗi ne, Malam, amma ba rabon gida-gida ba.

Duba-gari: Na yarda da kasuwa da tasha. Murfin kyauta ne har yanzu nake tsoro. Da zarar labari ya bazu cewa ƙauye kaza an raba, ƙauyukan gefe za su ajiye diga su zauna jiran nasu, ga kuma 'yan siyasa da jerin sunaye. Gara a horar da birkiloli a kowace gunduma, mata su sa shi cikin adashi, wanda gari ya shaida ba shi da hali a taimaka masa bayan kowa ya gama.

Injiniyan Ruwa: Akwai lissafin da ba wanda ya yi. Ramin da Oga ya kwatanta, in ka cire rabin mitar sama, yana ɗaukar kamar lita 2,800. Mutum ɗaya na tara lita 40 zuwa 60 a shekara. Gida mai mutum 10 ke nan shekara biyar zuwa bakwai ya cika, in ana jefa leda da tsumma a ciki ko uku ba zai wuce ba. Masan da aka haƙa da zafin shirin nan yanzu suke cika. 'Yan kwasar masai za su zo da dare da bokiti da duro, amma a ina za su zubar? In a kududdufi ne ko lambatu, an koma gidan jiya.

Birkila: Inda akwai fili, maganinsa rami biyu. Kowanne zurfin mita ɗaya da rabi, tazarar aƙalla mita 1 a tsakani, bututu ɗaya mai rassa biyu daga wurin tsuguno. Ɗaya ya cika a toshe reshensa a buɗe ɗayan. Bayan shekara biyu na farkon ya koma baƙar ƙasa ba wari, a kwashe da shebur a kai gona.

Duba-gari: Bulo ninki biyu ke nan, Oga.

Birkila: Ƙwarai kuwa, da murfi biyu. Shi ya sa na ce a sake duba maganar tallafin.